Shirun Malam Lawal

Tuwon jiya yana nan a kwano, Malam Lawal bai taɓa ba. Na shekaranjiya ma haka. Salamatu ta rufe kwanon, hannunta na ɗan rawa, ta ce wa 'yarta Mu'mina yau kam sai asibiti. Mu'mina ko musu ba ta yi ba. Kafin a ce me, har ta saka hijabi.

Abu ɗaya ne ke cin ran Salamatu. Yayan mijin nata, Malam Shamsuddeen, mantuwa ce ta kama shi, tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, wata rana sai a Jigwada aka tsinto shi ba takalmi. Dangi suka sa masa kwaɗo a ɗaki har ya rasu. Yanzu ga mijinta Malam Lawal ya daina zuwa masallaci, ya daina amsa sallama, sai ya zauna bakin gado ya yi ta kallonta. In dangi suka gane, shi ke nan, kwaɗo. Ita kuwa wallahi ba da ita ba.

A keke daga unguwarsu Liman Abaji, Salamatu ta matsa ta ba Malam wuri. Wani ya zo zai shiga, ta harare shi, ta ce ko ba ya gani ne. Mu'mina ta ba mutumin haƙuri.

A ƙofar asibiti Salamatu ta yi tuntuɓe da matakala. A layi barci ya kwashe ta, ta farka a firgice, ko Malam ya fice? Yana nan.

Likita Gamaliel ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce akwai ɗan gwaji, ita za ta fara. To, don Malam ya ga yadda ake yi ke nan. Ya faɗi kalma uku, lemo, tsintsiya, jirgi, ya ce ta riƙe. Ya miƙo biro ta zana agogo. Lambobin duk suka cunkushe a gefe ɗaya. Ta sake, haka dai. Amma da ya nemi kalmomin, tsaf ta kawo su.

Sai ya fara bayani. Wai waɗannan cututtukan ƙwaƙwalwa tun daga farko ba kamarsu ɗaya ba. Irin ta Malam Shamsuddeen da mantuwa take shigowa. Wata kuma ba ta fara taɓa tunawa, gani take rikitawa, ga tuntuɓe, ga gyangyaɗi da rana, ga rawar hannu. Dole a gane wacce ce, don akwai maganin da in aka ba mai wannan sai ya ƙara kwantar da shi.

Rabin maganar ma Salamatu ba ta ji ba. Ta riƙe bakin tebur da hannu biyu.

"Likita, don Allah ka faɗa min gaskiya. Ba irin ta yayansa ba ce ko? Ba za su kulle min shi ba?"

"Ba irinta ba ce, Mama. Ba wanda za a kulle."

Ta juya ga kujerar da ke gefenta, hawaye na zuba, tana dariya. "Ka ji ko, Malam? Gida za mu koma."

Likita ya rage murya, ya tambayi Mu'mina tun yaushe abin ya fara.

Mu'mina ta kalli kujerar da babu kowa a kai, ta ce, "Tun ranar da ta fita takabarsa."