Ma'ajiyar Da Na Kayar

Yau kwana biyar ke nan ina yawo da wata 'yar takarda a jakata. Layi biyu ne kawai a jikinta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutuna.

Mijina direban babbar mota ne. In yana hanya ba ya son rubutu, sai dai saƙon murya: ga inda ya tsaya, ga tayar da ta yi faci, a gaida masa yara. Babbar 'yarmu yake fara ambata, wadda yake ce wa Injiniya don tun tana ƙarama take kwance masa rediyo. Sai ƙanenta, wanda shi ɓata abu ya iya.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, ita ta kwashe saƙonnin daga tsohuwar wayata, wadda ta mutu daga baya, ta zuba su a ma'ajiyar kwamfuta, wani ɗan baƙin abu kamar sabulu mai guntuwar igiya. Ina naɗe shi a hankicin babansu, in sa a durowar gado. Duk ƙarshen mako ta jona mini, in ji shi yana tari, yana dariya, yana tambayar ko an gyara famfon banɗaki.

Akwai makon da ba mu ji ba. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, aikin kammalawa ya sha mata kai, ta ce kwamfutar ta cika, in bari ta sarara. Na bari.

Ranar sha bakwai ga wata, ranar da ya cika wata shida da rasuwa, na fito daga kicin da tire a hannu. Ban ga igiyar ma'ajiyar tana lilo a gefen tebur ba. Zanena ya ja ta. Na ji ƙarar faɗuwa a kan tayil.

Ban tsaya tambayar abin da ya fito da ita daga durowa ba. 'Yata ta ɗauka, ta jona, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Fari fat. Ta ce, "Umma, ta mutu." Ita ta riƙe ni har na gaji da kuka.

Daga nan na zama Umma mai sakin hannu. In an sayo kofunan gilashi, ɗana ya ce, "A ɓoye, ga Umma nan." Ana dariya, ni ma ina yi. Da na ce zan kai wa masu gyara, 'yata ta ce, "Ki bar shi, Umma, ƙara miki ciwo kawai za su yi." Ta yi aure, ta haihu. Jikana bai taɓa hawa hannuna ina tsaye ba. Sai na zauna, na sa filo a cinya, sannan ta miƙo shi tana cewa, "A hankali, Umma, kin san hannunki."

Shekara uku ina roƙon mamaci gafara a zuciyata.

Makon jiya gilashin wayata ya tsage, na je shagon wani dattijo mai gyara. Na ga irin ma'ajiyar nan a kan teburinsa, na ba shi labari. Ya ce in kawo.

Washegari ya jona ta, ya kara kunne a jikinta, ya ce, "Mama, wannan ai lafiyarta ƙalau. Faɗuwa ba ta yi mata komai ba."

Na ce to ya kunna mini mijina.

Ya daɗe yana dubawa kafin ya cire tabarau. Ya ce an raba ta gida biyu, kamar a gina bango a tsakiyar ɗaki: gefe ɗaya na adana kwafin duk abin da ke cikin kwamfuta, gefe ɗaya na zuba kayan aiki. Ya ce wanda ya yi rabon ya share ɗakin kafin ya gina bangon, ya jibga wasu kayan a kan na da, daga baya ya kwashe nasa. Muryar ba za ta dawo ba.

Na ce ko faɗuwar ce ta raba ta? Ya girgiza kai. Ya ce hannu ne, kuma sai kwamfuta ta yi gargaɗi cewa komai zai goge, mutum ya danna ya yarda.

Nan take raina ya tafi kan ɗana, shi da finafinansa da wasanninsa. Har na fara neman lambarsa. Dattijon ya ce in dakata. Ya ce ma'ajiya tana riƙe ranar da aka raba ta, kuma mai rabo yakan raɗa wa gefensa suna. Ya rubuta mini su a takarda, ya ninke.

Gobe 'yata za ta zo da jikana. Na san zan zauna, na san za ta ɗauko filo. Don Allah ku faɗa mini, in miƙa mata takardar ne ko in miƙa hannu in karɓi yaron? Layin farko ya ce takwas ga wata, kwana tara kafin zanena ya ja igiyar. Layi na biyu ya ce: Injiniya.