Kwasa-kwasai Tara da Lorna Ta Mayar Kimiyya

Ranar Talata ce ta farkon watan Yuni, ana ta yayyafi tun safe a garin Ashby, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma ya hana shi sakewa. Lorna Vrabel ta dawo daga aikinta na gidan kula da tsofaffi ƙafafunta a kumbure, ta zauna a teburin kicin ta buɗe kwamfuta. Shekara biyar ke nan da gama digirinta tana juya tsofaffi a gado, tana jiran ranar da za ta cike fom ɗin makarantar likitanci.

Akwai wani shafi mai gajiyarwa a fom ɗin. Duk kwas ɗin da mutum ya yi a jami'a sai ya faɗi rukuninsa: na kimiyya ne, wato ilimin halittu da sinadarai da fiziks da lissafi, ko na sauran fannoni. Makin kimiyyar shi makarantu ke fara dubawa. Na Lorna ya tsaya a 3.4 cikin 4, domin shekarar da mahaifiyarta ta yi jinyar ajali ta sha ƙasa a sinadarai.

Amma tana da mafita ta halal. Ta yi kwas uku a kan ƙwaƙwalwa a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kuma abin da aka koyar ilimin halittu ne tsantsa. Doka ta yarda a duba abin da ke cikin kwas, ba sunan sashe ba. Da ukun nan makinta zai kai 3.5, wanda ya isa jami'ar jiharsu ta buɗe fayil ɗinta.

Tana cikin haka yayanta Curtis, dillalin tsofaffin motoci, ya shigo ya buɗe firji kamar gidansa.

"Likita bokan Turai! Har yanzu ba a ɗinka farar rigar ba?"

"Don Allah Yaya ka ƙyale ni, kaina kamar ya tsage."

Ya leƙo ta kafaɗarta yana tauna ragowar taliya. "Wannan fa, Abinci da Lafiya? Ai maki mai kyau kika ci. Sa shi kimiyya."

"Ba kimiyya ba ne."

"Abinci ba ciki yake shiga ba? Cikin ba halitta ba ne? Taimakon Gaggawa kuwa jini ne zalla. Ga Ninƙaya ma, ruwa ai sinadari ne."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Kai dai ba ka da kunya."

"Yarinya, mutum dubu nawa ke cike abin nan? Wa ke da lokacin karanta naki layi-layi? Jiya na sayar da motar da ta yi karo sau biyu. Fenti ne kawai."

Lambar wayar Madam Pruitt, mai ba ɗalibai shawara a tsohuwar jami'arta, tana manne a jikin firjin. Lorna ta kalle ta, ta kalli agogo. An tashi daga ofis, gobe kuma ƙarfe shida za ta fita. Ta gaji da jira, ta gaji da komai. Ban da ukun nan na gaskiya, ta ƙara kwas tara a rukunin kimiyya. Da ta lissafa sai ta ga 3.7. Ta tura.

Kusan wata biyu shiru. A ƙarshen Yuli saƙo ya zo daga ofishin da ke tantance fom kafin a aika wa makarantu: gyaran ya yi yawa, an dawo mata da fom, ta gyara ta sake bin layi daga baya.

A lokacin hutun cin abinci ta zauna cikin motarta ta kira Madam Pruitt.

"Haba 'yata," in ji matar bayan ta saurara. "Ukun nan na ƙwaƙwalwa da lafiya lau za su wuce. Ninƙaya kuma? Wa ya ba ki wannan shawara?"

"Yayana."

"Likita ne?"

"Mota yake sayarwa."

Madam Pruitt ta yi ajiyar zuciya. "Kin san wanda fayil ɗinsa ya riga isa shi ake fara kira ganawa. Yi sauri, amma ba zan yi miki ƙarya ba, an yi nisa."

Sai ƙarshen Satumba aka gama tantance ta, da 3.5 ɗin da tun farko nata ne. Kafin nan ranakun ganawa sun kusa ƙarewa ko'ina. Wasiƙun ban haƙuri suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta jami'ar jiharsu ta iso ana jibi bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, wanda iyali ke taruwa su ci abinci tare. Ga shi kuma sakamakon babbar jarrabawarta ta shiga likitanci, wadda ta yi wata takwas tana karatunta bayan aiki, shekara uku kawai makarantun ke karɓarsa. Wannan ce ta ukun.

A teburin biki Curtis ya ce, "Mutanen nan dai ba su da tausayi."

Mahaifinsu Milt ya ajiye wuƙar yankan talo-talo ya dube shi. "Ƙanwar taka mota ce?"

Lorna ta tashi ta goge kayan aikinta, domin ita ke da aikin safe.

Jama'a, ga abin da ya salwanta: shekara guda cur, makarantu goma sha huɗu ba ganawa ko ɗaya, jarrabawar wata takwas da sai an sake ta daga tushe, da yardar da ke tsakanin wa da ƙanwa. Garin neman ƙiba ta samo rama. Ka rubuta abin da ka karanta yadda yake, inda ka yi shakka kuma ka tambayi mai sani, ba mai baki ba.