Azarar Basharu

Ni da maƙwabcina Basharu, wa ya cuci wani? Har yau ban sani ba.

Da zan gyara gidanmu na Gwandu, na ce ya zare azarar ɗakinsa daga bangona. Ya ƙi. Na zage shi a bainar jama'a.

Magini ya zo daga Kalgo, ya hau ya duba, ya sauko a ruɗe.

"Malam, bangon nan ke ɗauke da rufin ɗakin tsohuwarka, kuma ya karkace. Azarar maƙwabcinka ce ta tokare shi. In aka zare, ɗakin zai rufta."

Na ruga gidan Basharu. Na tarar da shi bisa tsani, har ya zare azara ta farko.

"Ga bangonka nan," in ji shi. "Na gaji da zagi."