Sito na Uku

"Injiniya, kogi ya tumbatsa, ruwa ya kai ƙofar sito na uku!" in ji manajan kamfanin shinkafa ta waya daga Gashua. "Buhu dubu biyu ne a ciki."

Injiniyar ita ce ta sabunta musu manhajar kula da kaya da marigayi mahaifinta ya rubuta da tsohon yaren kwamfuta. A ciki ta tarar da wani layi mai hana ajiye kaya a sito na uku duk watan Agusta. Ta ɗauka kuskure ne, ta goge shi.

Ta buɗe tsohon fayil ɗin manhajar. Ƙarƙashin layin ga bayanin Baba, wanda ba ta tsaya karantawa ba: "Mutane za su manta ambaliyar bana. Wannan layin ba zai manta ba."