Uwa a Layin 'Yarta ta Fari

Kin ce tun da kika fara aikin asibiti mahaifiyarki ba ta taɓa yaba miki ba? To, gyara zama ki ji. A wani gari an yi wata mata mai tsananin alkunya, irin mutanen da. Tun da ta haifi 'yarta ta fari ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan", ko ido ba ta haɗawa da ita a gaban mutane. Da yarinya ta ce likita za ta karanta, sai gari ya ɗauka. Mace da taɓa gawa? Mace da kwanan asibiti cikin maza? Wa zai aure ta? Uwar ta ci gaba da harkarta kamar ba da 'yarta ake ba. Amma fa duk motar da za ta birni inda yarinyar ke karatu sai ta tafi da ƙullin yaji da daddawa, a ce wai goggo ce ta aiko. Goggon da ko taɓarya ba ta iya riƙewa ba! Yarinya ta sha wuya iyakar wuya. Majinyaci ya dube ta da farar riga ya ce, "Ke 'yan mata, kira mana likita," ta haɗiye, ta duba shi. Ranar da ta gama ta dawo asibitin garinsu mata suka yi ta rangaɗa guɗa, uwar kuwa ta shige madafi, wai tuwonta zai ƙone.

Ana nan sai uwar ta ji wani ƙullutu a nononta, kamar gurjiya. Ta shafa man shanu, ta sha saiwoyi, abu sai girma yake. Namijin likita dai ba zai ga jikinta ba, ko da wasa. 'Yar fari kuma, ina ita ina buɗe mata ƙirji? Ga tsoro yana cin ta, don ta ga yadda irin ciwon nan ya tafi da maƙwabciyarta. Sau nawa ta buɗe baki a gida maganar ta maƙale! Rannan dai ta yafa mayafi, ta tafi asibiti, ta yanki kati, ta bi layi kamar kowa. Mata suna ta cewa, "Haba Inna, ke da likita ke kwana a gidanki?" Ko kallonsu ba ta yi ba. Da layi ya zo kanta ta shiga, ta zauna, ta dubi ƙasa, ta ce, "Likita, na zo ki duba ni." 'Yar ta gane. Ta san da ta ce "Inna", tsohuwa za ta suri mayafinta ta fice, shi ke nan. Sai ta ja labule, ta wanke hannu, ta ce, "Baiwar Allah, ina ne ke miki ciwo?" Tsohuwa ta kwance zane. Aka tura ta birni aka yi aiki, aka ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Har yau ba ta kama sunan nan ba. Amma je ki gidan suna ki ji ta: mace ta yi tari kaɗan sai ta ce, "Je ki wurin likitarmu," tana danne murmushi da gefen mayafi. Ita ce ma yanzu ke tasa ƙeyar tsofaffi masu ɓoyon ciwo har bakin labulen, tana yi musu faɗa kamar ba ita ba. Hausawa sun yi gaskiya: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.