Naira Tara daga Masaƙa

Tun da aka fito da manhajar da ke karanta ribar hannun jari da muryar mai asusun, matattu ba su daina magana a gidajensu ba.

Shekara guda da rasuwar Malam Sallau, matarsa Inna Ladiyo ta jingina wayarsa da tulu tana tsintar shinkafa da hantsi.

"Masaƙa ta biya naira tara," in ji muryarsa, har da 'yar dariyar nan tasa. "Ladiyo, a sayi gishiri."

Gishirin kuwa jiya ya ƙare, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

'Yarsu Hansatu ta shigo da takardu. "Inna, gobe za a raba gado. Ki karɓi tumuninki a kamfanin siminti, shi ke kawo kuɗi."

"Muryar fa?"

"Tana bin jarin da ya fara saya, na masaƙa. Sau biyu a shekara masaƙar take biya, Inna, kuma ta kusa durƙushewa."

Inna Ladiyo ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta.

"Rubuta mini masaƙa," ta ce. "Da ma shi ba mai yawan magana ba ne."