Tsakanin Sin da Shin

Dorina ta ashirin ce ta fasa bayan Halliru, jini ya tsartu har kan takardar da Malam Gwadabe ke riƙe da ita. Gwadabe bai goge ba. Halliru ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaure a jikin kuka kamar akuyar da za a feɗe.

Zamanin aikin tilas ne, ana sarar hanyar mota daga Karaye zuwa Rogo. Mijinyawa ne heluman aikin, wato shugaban leburori, mutumin da ko tari ka yi a gabansa sai ya tambayi da wa kake. Mai dukan leburori da umarninsa kuwa Lado ne, ƙato mai naɗa rawani har baki, wanda ba a cika jin muryarsa ba tun shekarar da Mijinyawa ya zubar masa da haƙoran gaba da kulki.

Laifin Halliru wata waƙa ce ta ajami da aka tsinta soke da ƙaya a sansanin Gwangwan. Baiti talatin, ta lissafa lebura bakwai da dorina ta kashe, har da abin da ɗayansu, Sulle, ya faɗa yana shure-shuren mutuwa. Halliru ya yi karatun allo, yana kuma rera waƙa in yana sara. Wannan ya ishi Mijinyawa hujja.

"Kai ne malamin aiki," in ji Mijinyawa. "Ka rubuta mini sharhinta, ka nuna tasa ce, in kai wa Bature. In ka ce ba tasa ba ce, ka nuna ta wa ce. Kafin la'asar. In babu, Lado ya ƙarasa shi."

Gwadabe ya zauna a inuwar rumfa, ya shimfiɗa waƙar a gabansa. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa. Daga can yana jin saukar dorina, da nishin da ya fara zama gurnani.

Ya karanta waƙar sau biyar. Gwani ne ya tsara ta, karinta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ƙafiyarta, wato sautin da ke rufe kowane baiti, "sa" ce: ƙasa, nesa, gasa, bisa. Sai a baiti na tara ya tsaya. An rufe shi da "sha". Na goma sha bakwai da "tasha". Na ƙarshe ma da "sha".

Ya tsoma alƙalami. Ya rubuta cewa wanda ya iya kari haka ba zai karya ƙafiya sau uku da ganganci ba. Hannun mai waƙar ya san bambancin harafin sin da shin, ga ɗigo uku nan ya sa wa shin, amma bakinsa bai sani ba. Da baki ake auna waƙa, kuma a bakin mai wannan, "sha" da "sa" abu ɗaya ne. Ya ƙara da cewa mai waƙar ya ji kalmar Sulle ta ƙarshe, alhali ranar Halliru yana can garin Fulatan yana ɗibar tsakuwa.

Da la'asar ya karanta a gaban jama'a. Mijinyawa ya taka har gindin kuka, ya damƙi gashin Halliru, ya ɗaga kansa.

"Ce sha."

"Sha," in ji Halliru, jini na bin haɓarsa. Tas ta fito.

Mijinyawa ya kwaɗa masa mari na haushi, ya juya. "Gobe kowane lebura zai faɗe ta a gabana. Wanda harshensa ya zame, a nan za a binne shi. Lado, kwance wannan."

Ya tafi. Gwadabe ya durƙusa ya tallafi ƙaninsa, yana kuka ba kunya, yana tsine wa hannun da ya yi wannan aika-aika.

Hannun nan ne ya dawo da ƙwarya. Lado ya tsuguna, ya janye rawani daga bakinsa, idanunsa sun yi ja, ya kai ruwan leɓen Halliru.

"Yafe mini, ɗan'uwa," ya raɗa masa. "Ga ruwa. Daure ka sa."